Martani: Kayan Gidajen Dar Salam Ba Tarkace Ba Ne

 Malam, na karanta rubutunka na kwanakin baya a kan yawan kaya a gidajenmu, wanda ka kafa misali a cikinsa da Dar Salam ta Umdurman. Ka ce yaƙin nan ya koya wa mutanen Khartum da Umdurman cewa jaka ɗaya ta ishi ɗan Adam, tunda da ita suka fita kuma ga shi sun rayu. Ka ce duk abin da shekara ta zagayo ba a taɓa shi ba, a fitar da shi daga gida. Takardu ma, in ji ka, a ɗauki hotonsu a waya a huta da ajiya. Mafi yawan laifin kuwa a kanmu mata ka ɗora shi, mu masu jeren kwalla da langa, masu cusa kaya a ƙarƙashin gado, har ka roƙe mu kada mu sake cika ɗakunan da yaƙi ya share mana.

Ban yi shakkar niyyarka ba. Amma ni 'yar Dar Salam ce, kuma mudun da ka auna mu da shi ba na kasuwarmu ba ne. In mata suka ɗauki shawararka yadda ka ba da ita, talauci za ta ƙara musu.

Bari in fara da jakar nan guda. Wanda ya bar gidansa bayan ɓarkewar yaƙin ranar Asabar 15 ga Afrilun 2023, ana saura 'yan kwanaki Ƙaramar Sallah, bai zauna ya ware abin da yake so da wanda ba ya so ba. Harsashi ne ya kore shi. Da yawa sun kulle ƙofa sun rataya makulli a wuya da niyyar dawowa bayan mako ɗaya ko biyu, wasu ɗinkin Sallar yara ma a wajen tela suka baro shi. Abin da suka bari kuma kwashe shi aka yi. Kowa a nan ya san kasuwannin da jama'a suka laƙaba wa sunan Dagalo, inda ake baje firji da katifa da keken ɗinki na mutane ana sayarwa a wulaƙance. Da sojoji suka karɓe fadar shugaban ƙasa a Maris na 2025, suka karɓe kasuwar Suƙ Libya a ƙarshen watan, aka kuma sanar a watan Mayu cewa babu sauran abokan faɗansu, dakarun RSF, a jihar Khartum, sai aka fara komowa. Hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce zuwa Oktoban 2025 fiye da mutum miliyan ɗaya sun dawo. Sun tarar an ɓalle ƙofa da taga, an fasa bango an zare wayar lantarki saboda jan ƙarfen da ke cikinta. Matar da ta dawo ta ga babu kekenta na ɗinki, Malam, nauyi bai ragu a kanta ba, abincin 'ya'yanta aka ɗauke. A ce mata wannan darasi ne na sauƙaƙa rayuwa, magana ce mai zafi, ko da mai faɗarta bai nufi haka ba.

Ka ce ai sun rayu. Sun rayu, alhamdu lillahi. To da me suka rayu? Nan ne rubutunka ya yi tsallake. Mai jaka ɗaya da ya sauka Wad Madani ko Kosti ko Gadarif ko Kasala, a kan katifar wani ya kwana, katifar da ta daɗe a naɗe ba wanda ya kwanta a kanta. 'Ya'yansa sun yi barci a tabarmar da ba a shimfiɗa ta sai da azumi, in maza za su fito buɗa-baki a bakin titi. A langar da uwar gida take jere da ita tun ranar tarewarta aka zuba masa asida. Gida ya wayi gari da ninkin mutanensa sau uku ko huɗu, kuma bai gagara ba, don akwai rarar kwano, da rarar bargo, da tsohon angarib jingine a bayan ɗaki wanda igiyarsa kawai aka sake ja. Da matan garuruwan nan sun bi ƙa'idarka tun kafin yaƙi, da baƙinsu a ƙasa za su kwana, su ci abinci bi da bi. A Disamban 2023 kuma Wad Madani ita ma ta faɗi, masu masauki suka koma neman masauki, suka je suka sauka a kan rarar wasu. Jakar da kake yabo, ajiyar mata ce ta riƙe ta.

Waɗanda ba su samu fita ba, kuma a Dar Salam da sauran Umbadda ba su da kaɗan, don gudun ma sai mai kuɗin mota, takiya, wato girkin kyauta na unguwa, ce ta riƙe su. Ka taɓa tsayawa ka dubi tukunyar takiya da kyau? Babbar tukunya ce ta alminiyam mai kunne biyu, sai mutum biyu ke sauke ta daga murhu. Gindinta baƙi ƙirin, gefenta a lotse, murfinta sau da yawa na wata tukunyar ne. A wuyanta za ka ga sunan mai ita an rubuta da jan fenti ko an karce da ƙusa, domin tun asali tukunyar aro ce. Ba ta fitowa sai biki ko suna ko zaman makoki, tana iya yin shekara biyu a kife a kan rufin ɗakin girki. Da samarin ɗakunan agajin gaggawa suka fara dafa adas da ful a unguwanni, ba kanti suka je sayen tukwane ba, kantunan an riga an fasa su. Daga ɗakunan mata da masallatai da makarantun allo aka fito da su, haɗe da ludayi da muciya da manyan robobi. Layin yaran nan da ka gani a hotuna, kowa da ɗan kwanonsa a hannu, a gaban abin da ka kira tarkace suke tsaye.

Ƙa'idar shekara guda da ire-irenta ba a nan aka haife su ba. Sun fito ne daga ƙasashen da kaya suka yi wa mutane yawa har suka rasa wurin taka ƙafa. Wadda ta fi suna a wannan fage ita ce Marie Kondo 'yar Japan, wadda littafinta ya fito a 2011, aka yi mata shiri a Netflix a 2019. Tana koya wa mutum ya ɗauki abu a hannu, in bai faranta masa rai ba ya rabu da shi. Ban raina ta ba, ciwon mutanenta ta yi wa magani. Sai dai a can kanti a buɗe yake, albashi yana shigowa, kuɗin yau shi ne na gobe. Ka yar da guduma bana, in ka buƙace ta baɗi ka saya. Mu fa? Kafin yaƙi dala ɗaya tana kusa da fam 600, a 2025 ta haura 2,500 a kasuwar bayan fage. A Disamban 2024 babban banki ya canza takardun fam 500 da 1,000, aka ce a kai tsofaffin banki, alhali yankunan da ke hannun RSF a lokacin ba su shiga cikin canjin ba. Wadda ta sayar da injin markaɗenta don ɗaki ya yi fili, kuɗin sun narke a hannunta, kuma yau ko ta yi adashin shekara ba za ta maido da shi ba.

Za ka ce ai kayan ma sace su aka yi. Haka ne. Amma dubi abin da ɓarawo ya ɗauka da wanda ya bari. Ya ɗauki mota da talabijin da tukunyar gas. Ya bar randa, ya bar turmi, ya bar murhun gawayi da tsohuwar ganga mai tsatsa, ya bar kaskon gasa kisra da hayaƙi ya baƙanta. Kayan da kowa ya raina, waɗanda da su za a fara in an ce a yi shara irin taka, da su aka sake hura wuta a gidajen da aka komo.

Mutumin Dar Salam kuwa ba yau ya fara sanin wannan ba. A farkon shekarun 1990, zamanin da Sharafuddin Bannaga yake ministan da ke kula da gidaje da tsarin gari a jihar Khartum, aka riƙa tashin mutane daga unguwannin da gwamnati ta ce ba bisa ƙa'ida suke ba, ana yanka musu filaye murabba'i-murabba'i a yamma da Suƙ Libya. Fili ne fetal, ba inuwa ba famfo. 'Yan'uwanmu na Ishash Fallata a kudancin Khartum su ma an tashe su zuwa Inƙaz. Da me aka yi rakuba, wato rumfar farko? Da tsohon kwanon rufi da azara da buhu da ƙyauren da aka ciro daga gidan da aka rushe. Ruwa kuma a bayan jaki yake zuwa, a karo, mai ganga ɗaya ya sayi na yini, mai uku ya sayi na kwanaki. A Mayun 2025, da jirage marasa matuƙa suka kai hari a tashoshin lantarki na Umdurman, wuta ta ɗauke, tashoshin ruwa suka tsaya, kwalara ta ɓarke. A kwanakin nan gangar da ta daɗe a yashe a tsakar gida ta fi kujerun falo daraja. Tsofaffinmu kuma ba su manta ruwan Agustan 1988 da ya narkar da gidajen ƙasa ba, mu ma mun ga cikar Nilu ta 2020. Masifar da ake yi wa tanadi ba ta zuwa duk shekara. Annabi Yusuf, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tanadin shekara bakwai ya sa aka yi, kuma ba wanda ya ce hatsin ya cika rumbu.

Yanzu jere, inda ka fi tsananta mana. Ka dube shi da idon baƙo, ka ga kwanoni a jere ba a cin abinci a ciki. Mace kuwa ta san abin da take kallo. Filin gida da sunan miji yake, ɗakin ma nasa ne. Abin da shari'a da al'ada suka haɗu a kan cewa nata ne, ba mai gardama, shi ne kayan da iyayenta suka kawo ta da su da wanda ta tara da guminta. In an sake ta da su take fita, in miji ya rasu ba a sa su cikin gado. In yaro ya kwanta ciwo cikin dare kuma maigida ba ya nan, saitin langa ɗaya take ɗauka ta kai wa dillaliya. In 'yarta ta isa aure, daga nan ake rage mata. Yawancin matanmu ba su taɓa shiga banki ba. A makonnin farko na yaƙi, da kuɗin motar Masar ya ninka ya sake ninkawa, awarwaron gwal da 'yan kunnen da ake yi mana gori a kansu ne suka fitar da gidaje da dama daga wuta, har da mazan. Kafin ka ce wa mace ta rage jere, Malam, ka fara nuna mata inda za ta ajiye ƙarfinta in ta rage.

Batun takardu shi ne ya fi tayar mini da hankali, don a nan shawararka tana iya jawo asarar da ba ta gyaruwa. Ka san tarihinmu. An kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a Yulin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya yi gabas da jama'a, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Wasu sun biyo baya a kan hanyar Hajji, suka tsaya aikin auduga a Jazira bayan an kammala madatsar Sinnar a 1925. Sai dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce mutum ya tabbatar shi ko iyayensa na wajen uba suna zaune a Sudan tun ƙarshen 1897. Ka ga ke nan har jikokin mutanen Mai Wurno ta bari a bakin ƙofa. Dokar 1994 ta maido da ranar zuwa 1 ga Janairun 1956, amma hujja har gobe ana nema, kuma Bahaushe aka fi tambaya. Rikicin jihar Shuɗin Nilu na 2022, wanda ya ci ɗaruruwan rayuka a Rusairis da Damazin da Wad al-Mahi, a kan wannan tambayar ya tashi: su wa ke da ƙasa, su wa ne baƙi.

Shi ya sa kusan kowane gida a cikinmu yake da akwatin ƙarfe, a cikinsa leda cikin leda. In ka kwance za ka ga jinsiyyar kaka, wato takardarsa ta zama ɗan ƙasa, hotonsa baƙi da fari, hula a kai, tambarin ya dushe, an liƙe tsagar tsakiya da salatif. Ga ƙasimar auren iyaye, ga shahadar haihuwa, ga takardar fili, ga rasitai masu launin ƙasa da ba wanda ya duba shekara ashirin. Mai ita ya rasu tuntuni. Yarinyar da ta karanta rubutunka ta tashi gyaran ɗaki za ta ga takardar mamaci ce ta haɗa da shara. Ranar da ƙaninta ya je neman raƙam waɗani, wato lambar ɗan ƙasa, aka ce ya kawo hujjar uba ko ta dangin uba, ranar za a san abin da aka zubar. Kada ka ce ai akwai kwafi a ofis. Ofisoshi nawa aka fasa, nawa suka ƙone? Cibiyar Muhammad Umar Bashir da ke Jami'ar Ahliyya ta Umdurman, da dubban littattafai da takardun tarihi, ta ƙone tun a farkon yaƙi. Ta yiwu takardar da ke cikin ledar nan ita kaɗai ta rage a duniya.

Waya kuwa ita ce abin da aka fara ƙwacewa a shingen bincike. A Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke gaba ɗaya, manhajar banki ta Bankak ta tsaya, masu kuɗi a waya suka kwana da yunwa. Da Masar ta wajabta biza a kan kowa a Yunin 2023, har mata da yara, mai hoton fasfo a waya bai wuce Halfa da ke kan iyaka ba. A ɗauki hoto, na yarda, a tura wa ɗan'uwa a wani gari ma. Amma a riƙe ta ainihin, a sa ta inda hannu zai kai cikin duhu.

Ka kafa hujja da kakanninmu, ka ce matafiya ne, ba su tara kaya ba. Akwai gaskiya a nan. Masanin nan C. Bawa Yamba ya rubuta littafi a 1995 a kan Hausawan ƙauyukan Jazira waɗanda, ko da an haife su a nan, suna ɗaukar kansu mahajjata ne da ke kan hanya, har ba sa son ginin da zai nuna sun zauna. Amma me ke cikin ƙunshin mai tafiya Makka a ƙasa? Tafiyar shekaru ce, ana tsayawa ana neman guzuri. Wanzami da zabirarsa ya taho, maɗinki da allura da almakashi, malami da gafaka da allo da tawada, mace da tukunyar da za ta soya ƙosai ta sayar a zango na gaba. Sun rage kaya, amma sun san me suke ragewa. Tambayar da suke yi ita ce wane abu zai ciyar da ni a garin da ban san kowa ba, wane ne kuma in ya salwanta ba zan sake samu ba. Ita ce tambayar da ta dace da mu yau, sai a ƙara mata ta uku: wa zai zo aro? Gudun duniya da malamanmu suka karantar a zuciya yake, kuma su ɗin ne suka karantar da mu cewa tozarta dukiya haramun ne.

Ban ce babu abin fitarwa a gidajenmu ba. Akwai, kuma da su ka lissafa da na sa hannu a rubutunka. Tsohuwar taya da gwangwani da fasasshiyar roba da ke tara ruwan sama, su ne gidan sauron da ya kwantar da Khartum da zazzaɓin dengi a daminar 2025. A fitar da su, gangar da ake amfani da ita kuma a rufe bakinta. Maganin da ya kwana biyu a cikin zafin ɗakin da ba kowa, a zubar. Tufafin da ke kulle a akwati, yara sun girme su, ga 'ya'yan maƙwabta sun dawo da riga ɗaya, wannan riƙe su rowa ce, a buɗe akwati a raba. Wanda kuma ya shiga share gidan da aka yi faɗa a kusa da shi ya ga wani ƙarfe da bai gane ba, kada ya taɓa, kada ya jefa cikin wutar shara, kada ya bari yara su kai wa masu sayen ƙarfe. Ya sa alama, ya nisanta, ya sanar da hukuma. An rasa rayuka ta haka bayan an ɗauka yaƙi ya wuce.

Akwai kuma kaya iri ɗaya da ya fi duk waɗannan cancantar barin gida, kuma ko sau ɗaya ba ka ambace shi ba. Shi ne kayan da ba namu ba. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, ba masu bindiga kaɗai suka ci kasuwar Dagalo ba. Akwai wanda ya ga fanka da araha ya saya, akwai wadda ɗanta ya shigo da katifa ba ta tambaye shi daga ina ba, akwai wanda maƙwabci ya bar masa ajiya ya ga shiru ya mai da ita tasa. Yunwa da tsoro sun sa mutane abin da ba halinsu ba ne, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amma yanzu masu kayan suna dawowa, suna kwana a kan siminti, wata tana wucewa ta ƙofar gida ta hango tirenta da sunanta a jiki.

Don haka roƙona gare ka, Malam, ka sake ɗaukar alƙalami, tunda ana jin maganarka. Ka ce wa mata su riƙe tukwanensu da takardun iyayensu. Ka ce wa kowa ya zagaya ɗakinsa ya duba abin da bai san asalinsa ba. In ya san mai shi ya mayar masa, ko da dare ne in kunya ta hana shi da rana. In bai sani ba ya kai wa limamin unguwa a yi cigiya bayan sallar Juma'a. Wannan sharar Dar Salam take buƙata, kuma daga gidajenmu ya kamata a fara.